Gita ta biyu ga mai Stratocaster

Ka ce kana da Stratocaster (Strat a taƙaice), gitar lantarki mai pikof uku masu naɗin waya ɗaya (pikof shi ne abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya), kana son gita ta biyu da za ta ba ka sautin da wannan ba ta da shi. Malam, nemi mai pikof biyu masu naɗi biyu, wato hambaka, kamar Les Paul ta Gibson, ko ta Epiphone in aljihu bai kai ba. Kada ka ƙara wata Strat don launinta ya burge ka, ko ma Telecaster, domin su biyun danginsu ɗaya a kaifin sauti.

Hambaka tana da naɗin waya biyu da aka juya wa juna baya, sai su kashe gurnanin wutar lantarki, sautin ya fito da kauri da tsakiya mai nauyi. Tsawon tsirkiyar Les Paul inci 24.75 ne, na Strat 25.5, don haka tsirkiyar Les Paul ta fi laushi. Idan tsirkiya mai lambar kauri 9 zuwa 42 ka saba ɗaura wa Strat, sa wa Les Paul 10 zuwa 46 hannunka zai ji daidai. Sharaɗi ɗaya: gwada ta a kan amfilifayarka, ba ta shago ba. Hambaka ta fi turo ƙarfi, kuma saitin da ya yi wa Strat kyau zai sa ta dushe, ƙananan sautuka su cakuɗe. Rage bas, ka ɗan ɗaga tirebul, kuma ka tabbatar maɓallan ƙara na gitar masu lamba 500k ne, don 250k na ƙara mata duhu. Ka rataye ta a kafaɗa kana tsaye tukuna, don wasunsu sun haura kilo 4.