Amsa ga mai tambaya kan allunan shagunan Jidda

Ɗan'uwa, ka ce watanka ɗaya a Jidda, ka yi karatun allo amma allunan shaguna sun gagare ka. Ba kai kaɗai ba ne. Rubutun titi ba shi da wasali, mu kuwa da wasali muka saba a Alƙur'ani. Ni ma da na zo, tsayawa nake gaban shago ina haɗa baƙi kamar ɗan kotso.

Kalmomi kaɗan za ka riƙe. صيدلية kantin magani ne, بقالة ƙaramin shagon kayan masarufi na unguwa, مطعم gidan abinci. Sauran kuma ido zai koya maka. Kana hango ɗan tsako da doguwar hula a kan allo ja da rawaya, to Al Baik ne, wanda aka fara a Jidda a 1974. Layin mutane ma kaɗai ya isa ya nuna maka shi. Shunayya kuwa ta STC ce, masu layin waya.

Inda aka fi yin asara shi ne lambobi. Biyar ɗinsu (٥) kamar sifili take, sifilinsu kuma ɗigo ne kawai. Na taɓa ɗaukar riga ina murna riyal 10 ce, ashe ١٥ aka rubuta, wato 15. Mai shagon ya yi ta dariya.

In za ka Makka ta mota, kula da babban allon da ke raba hanya: gefe ɗaya na Musulmi ne kaɗai, ɗayan ya kewaye garin. Riƙe iƙamarka, wato katin izinin zama, a kusa, akwai shingen bincike a wurin.