Na kafa kwamitoci amma karatu bai motsa ba, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara aka ba ni hedimasta a wata firamare, na kafa kwamitin ladabtarwa da na jarabawa da na wasanni, amma har yau 'yan aji uku da yawa ba sa iya karanta jimla ɗaya ta Hausa. Ko malaman ne ba sa so?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya taya riƙo. Gaskiya ni ban ga laifin malamanka ba tukuna. Kai da bakinka ka faɗi ciwon, karatun aji uku, to duk cikin kwamitocin nan wa aka ɗora wa shi? Babu.

Ka tara malaman aji ɗaya zuwa uku kawai, huɗu ko biyar sun isa, a fara gwada yaran ɗaya bayan ɗaya, wa ya san baƙi da wasali, wa ke iya haɗa ba bi bu, wa ke karanta kalma sukutum. Sai su tsara darasi tare, mutum ɗaya ya koyar, sauran su zauna a bayan aji idonsu a kan yara ba a kan malamin ba, nan za su ga yaron da ke bin baki ana rerawa da ƙarfi alhali ko allo ba ya kallo, in ka nuna masa harafin shi kaɗai sai ya yi shiru. Bayan darasi a zauna a gyara, wani ya sake koyar da shi. Malaman Japan sun daɗe a kan wannan hanya, mu ma shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda hukumar haɗin gwiwa ta Japan wato JICA ta tallafa wa a Kaduna da Neja da Filato daga 2006 ya sa malaman darussan biyu koyo daga juna.

Amma fa ka saka zaman a cikin jadawali, in ka ce sai an tashi wallahi ba zai ɗore ba, wani gona zai tafi wata yara na jiranta a gida. Kuma kai za ka fara koyarwa a kalle ka, sannan abin da aka gani a aji kada ya shiga fayil ɗin kowa, ranar da malami ya ji kamar sufeto ne ya zo to shi kenan kowa zai ja da baya.

Yaran da ke fashi ranar kasuwa ko saboda talla kuma, wannan ka kai wa 'yan SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, su suka san iyayen.