Kafin ka nemi madadin PZT, fara gwada BaTiO3

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da kwamfutar cinya kaɗai za ka iya gano ferobskait (kiristal mai tsarin ABO3) marar dalma da zai maye gurbin PZT, wato tangaran mai dalma da ke ba da lantarki idan an matsa shi (halin da ake kira fiyezo), a aikin digirinka na biyu. Aikin zai yiwu, amma bari ka ji inda na yi tuntuɓe.

Na fara tace jerina da ma'aunin Goldschmidt na 1926, wanda ke duba girman ayon ya nuna ko za su zauna a tsarin ABO3. Waɗanda suka tsira na zuba su cikin Quantum ESPRESSO, manhajar lissafin DFT (hanyar lissafa halin kiristal daga ilektoron ɗinsa), tunda kyauta ce, takwararta VASP kuwa sai da lasisi. Wani haɗi ya ba ni lambar fiyezo mai tsoka, har na soma murna. Malamina bai ce komai ba, sai dai ya sa ni lissafa BaTiO3, sanannen ferobskait marar dalma da aka riga aka auna, da wancan saitin. Nan na ga PBE, salon ƙiyasin DFT da na zaɓa, ya miƙar da kiristal ɗin fiye da abin da aka auna a ɗakin gwaji. Ashe lambar tawa kumburi ce, ba ƙiba ba. Da na koma PBEsol, salon da aka gyara don daskararrun abubuwa, lambar ta sauko, wata uku kuma sun tafi.

Babban abin da ba a faɗa wa sabon shiga shi ne, DFT tana lissafi ne a sifilin Kelbin, kan kiristal marar aibi. A ainihin tangaran kuwa, kaso mai yawa na d33, ma'aunin ƙarfin fiyezo, daga motsin bangon domen (iyakokin ƙananan yankunan kiristal) yake fitowa, da kuma iyakar da tsari biyu suka haɗu. KNN (tangaran fotasiyam, sodiyam da niyobiyam) ɗin da Saito da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, d33 ɗinsa ya kai 416 pC/N ne da ƙarin sinadarai da jera ƙwayoyinsa fuska ɗaya. BZT-BCT, ɗan gidan BaTiO3, na Liu da Ren a 2009 ya kai kusan 620, amma zafin Curie ɗinsa, inda halin fiyezo ke ɓacewa, wajen digiri 93 ne, ko tafasar ruwa bai kai ba. Sannan kwamfuta ba za ta gaya maka fotasiyam da sodiyam suna tserewa a tanda ba.

Kada ka ɓata lokaci kan abin da aka riga aka yi. Materials Project, rumbun bayanan lissafi a intanet, ta fitar da lissafin fiyezo na haɗi 941 tun 2015. Sai dai ka lura, ma'aunin e suka bayar, ba ma'aunin d irin d33 ba; sai ka haɗa da alƙaluman taurin kiristal ɗin kafin ka kwatanta da na gwaji. Da kwamfutar cinya ka tsaya kan ƙaramin sashen kiristal mai atom 5 ko 10, kuma ka riƙa ajiye aikin a kai a kai saboda ɗaukewar wuta.