Tambayi Anti: Nafkin ɗin wankewa ga yaron da ya fara tasawa

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni sun taru min kan magana ɗaya, wato nafkin ɗin yara da ake wankewa a sake sawa, musamman ga yaran da suka wuce jarirai, to na zaɓo huɗu da nake ga sun ɗauke sauran.

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ki taimaka min. Yarona watansa 13, ya fara tafiya, nauyinsa ya kai kilo 11, kuma tun haihuwa pampas nake sa masa amma wlh na gaji, kullum kwandon shara a cike ga wari ga kuma fatarsa tana yawan yin ja. Ina so in koma na wankewa sai na shiga intanet in duba kaina ya ɗaure, kala-kala ne ban san na ɗauka ba. Wanne zan saya kuma guda nawa? Ko dai na makara ne? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikis salam 'yar uwa. Ba ki makara ba, yara da yawa sai sun haura shekara 2 suke rabuwa da nafkin da rana, na dare kuma yakan ɗan ƙara jimawa, kinga akwai sauran tafiya a gabanki. Kuma ma kin tsallake lokacin da ya fi wahala, don jariri sabon haihuwa ana iya canza masa sau 10 zuwa 12 a rana, naki kuwa sau 5 zuwa 7 ya ishe shi.

Amma ga abin da nake so ki riƙe kafin ki fitar da ko sisi. Jariri kaɗan-kaɗan yake fitsari a kai a kai, shi kuwa yaro kamar naki ya fara iya riƙewa, sai ya tara ya sake shi gaba ɗaya lokaci guda, to nafkin ɗin da ya yi wa jariri daidai shi zai iya cika shi a fitsari ɗaya har ya gangaro ta cinya. Saboda haka abin dubawa shi ne me ke ciki mai shan ruwan, da kuma yadda ya zauna masa a matsematsi. Zanen motoci da furanni da ke bayansa wannan don ke aka yi shi, kuma gaskiya da shi masu sayarwa suke kama mu.

Kalolin da suka ruɗa ki ba su da yawa in aka natsu. Akwai na da wanda iyayenmu suka sani, ƙyalle mai kusurwa huɗu da ake naɗewa a ɗaure sannan a ɗora wandon roba a kai, shi ya fi saurin bushewa kuma ya fi wankuwa tas tunda warware shi ake yi, sai dai naɗa shi a jikin yaron da ke wuntsile-wuntsile yana neman gudu aiki ne. Akwai wanda aka ɗinka shi da siffar pampas amma gaba ɗayansa yadi ne mai shan ruwa, shi ma sai an ɗora masa wando mai tare ruwa. Akwai mai aljihu, bayansa yadi ne mai tare ruwa da za ki ga an rubuta PUL, cikinsa kuma akwai aljihu da ake cusa ƙyallen shan fitsarin. Sai wanda aka ɗinke komai a haɗe, ki ɗauka ki sa kawai, ya fi sauƙi ga wanda za a bar wa yaro amma ya fi kowanne daɗewa a igiyar shanya kuma in shan ruwansa ya gaza babu yadda za ki ƙara sosai.

Ni in ni ce ke mai aljihu zan ɗauka na rana, dalili kuwa ke ce za ki yanke yawan abin da za ki cusa, yau ɗaya gobe biyu in zaku fita unguwa.

To ƙyallen cikin shi ne maganar. Yawanci wanda ake haɗo miki da shi a leda maikurofaiba ne, wani yadin zaren roba mai kama da tawul, yana tsotse ruwa da sauri sosai kuma yana bushewa da wuri, matsalarsa kamar soso yake, in aka danna shi sai ya maido abin da ya sha, shi yasa za ki ga yaro lafiya lau yana wasa amma da an zaunar da shi a kujerar mota ko an goya shi sai ki ji danshi. Kuma ba a ɗora shi kai tsaye a fatar yaro don yana busar da ita, cikin aljihun ake sa shi. Auduga tana sha da sauri kuma tana riƙewa daidai gwargwado. Na bambu, wato zaren gora, da wanda ake rubuta wa hemp, shi ma zaren wani tsiro ne, sun fi kowa riƙe ruwa ba tare da sun yi kauri ba, amma a hankali suke sha kuma suna jimawa kafin su bushe. Dabarar ita ce ki haɗa biyu, mai saurin sha a sama, mai riƙewa a ƙasa, na sama ya tare ambaliyar na ƙasa ya ajiye. Tunda namiji ne ki ninka ƙyallen ta gaba don nan yake jiƙawa, in mace ce tsakiya. Kuma kar ki yanke wa sabon na bambu ko hemp hukunci a sawar farko, sai an wanke su sau da dama kafin su kai ƙarshen shan ruwansu.

Wajen maɗauri ki ɗauki mai maɓallin dannawa. Mai mannewa irin Velcro ya fi saurin sawa, amma yaro mai wata 13 kwana kaɗan zai gano yadda ake ɓalle shi, ranar da ya yi haka da kashi a ciki za ki tuna da ni.

Girma kuma, waɗanda ake cewa saiz ɗaya ne yawanci ana rubuta musu daga kilo 3.5 ko 4 zuwa 15 ko 16, ana rage tsawonsu ko ƙarawa da layin maɓallan gaba. Naki mai kilo 11 zai shiga, amma in mai cinya ne sosai ki nemi manyan da aka yi wa masu tafiya, kar ki sayi abin da wata huɗu zai matse shi. In kin sa masa ki tura robar cikin lanƙwasar matsematsi kamar yadda ɗan kamfai yake zama, ki ɗaga ƙafarsa ki ga babu kafa, a ƙugu kuma yatsunki biyu su shiga. Ɗan sawun roba da ke ɓacewa bayan ɗan lokaci ba komai bane, wanda ya yi ja ya zauna shi ne ya matse. Ki kuma duba kar wani yadi na ciki ko gefen singileti ya leƙo waje, ta nan danshi yake bi ya jiƙa wando ki ɗauka nafkin ɗin ne ya lalace.

Yawan kuwa, in duk bayan kwana biyu za ki yi wanki 15 zuwa 18 sun isa har da na jiran bushewa. Amma dan Allah kar ki saye su a tashi ɗaya. Ki fara da uku ko huɗu na kamfanoni daban, ki gwada sati biyu, wanda ya zauna wa ɗanki shi za ki ƙaro, don wanda ya yi wa ɗan ƙawarki ba lallai ya yi wa naki ba. Maganar jan fata kuma gaskiya canza irin nafkin kaɗai ba ya maganinta, yawan canzawa ne, duk awa 2 zuwa 3 da kuma nan take in ya yi kashi. Batun shara kuwa kina da gaskiya, wani rahoton da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 2023 ya nuna na wankewa sun fi na yarwa ƙarancin hayaƙin da ke ɗumama duniya da kusan kashi 25 cikin 100, duk da dai sun fi cin ruwa.

TAMBAYA: Anti ina wuni. 'Yata shekara ɗaya da rabi, da rana babu matsala amma da dare kullum sai mun tashi zanin gado a jiƙe, har guda uku nake cusawa a aljihun amma a banza. Tana shan nono da dare har yanzu.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata. Ukun nan da kike cusawa ina zargin su ne ma suke jawo miki, in aljihu ya cika ya kumbura sai ya ɗage robar daga cinya ya bar hanya, fitsarin ya bi ta gefe tun ƙyallen bai gama sha ba. Gobe da safe ki zaro su ki taɓa. In sun jiƙe sharkaf to shan ruwan ne ya gaza, in kuma akwai busasshen wuri to zaman nafkin ɗin ne ko kuma ba ya sha da sauri.

Dare awa 10 zuwa 12 ne, mai aljihu ba kasafai yake kaiwa ba ga yarinyar da ke sha cikin dare. Ki nemi wanda na ce gaba ɗayansa mai shan ruwa ne, na bambu ko hemp, don shi har gefuna da ƙugu yana sha, ki ƙara ƙyalle ɗaya a ciki, ki shimfiɗa siririn yadin filis, wato yadin nan mai laushi irin na rigar sanyi, a saman don ya raba fatarta da danshi, sannan ki rufe da wando mai tare ruwa wanda ya rufe komai ruf. Akwai masu amfani da wandon ulu da ake shafa wa man lanolin, wato man da ake samu a gashin tumaki, yana aiki sosai kuma iska na shiga amma yana son kulawa. Guda uku na dare sun ishe ki. Kuma ki sa mata shi dab da kwanciya, kar ki sa tun magariba ta cika rabinsa kafin barci.

TAMBAYA: Anti nafkin ɗina sun fara wari, in na wanke ƙamshi suke amma da yaro ya yi fitsari sai wani wari mai hawa kai ya tashi. Ina jiƙa su a bokiti kwana biyu kafin in wanke.

AMSA: Wannan warin amoniya ne, wato sinadarin da ke tashi daga tsohon fitsari, kuma ma'anarsa wankin ba ya kaiwa cikin yadin, ragowar fitsari na nan a ɓoye ƙamshin sabulu ne ya rufe shi. Kar ki bar shi don yana iya ƙona fatar yaro.

Farko ki daina jiƙon nan yau yau. Yana cinye roba, yana ƙara wari, kuma abin da ya fi tayar min da hankali bokiti mai ruwa a gidan da yaro ke tafiya hatsari ne, kansa yana da nauyi yana rinjayar jikinsa, in ya leƙa ya faɗa ba ya iya fitowa. Ki kakkaɓe kashi a masai, tunda ya fara cin abinci kashinsa ba ya narkewa a ruwan wanki kamar na mai nono zalla, in kina shimfiɗa filis ɗin nan ma zai riƙa ɓantarewa da sauƙi. Na dare ki ɗauraye da safe. Sai ki ajiye su a kwandon da iska ke shiga, kar su wuce kwana 2 ko 3.

Wankin sau biyu ne, gajere na farko da ɗan garin sabulu don fitar da ƙazanta a zubar da ruwan, sai dogo da cikakken ma'aunin sabulu a ruwa mai zafin digiri 40 zuwa 60, ko a inji ko a hannu tsarin ɗaya ne sai dai mai hannu ta cuɗa sosai ta ɗauraye har kumfa ya ƙare. Mutane da yawa tsoron sabulu suke sai su sa ɗan kaɗan, wannan shi ke kawo warin. Ban da ruwan tausasa kaya, yana lulluɓe zaren ya hana shi shan ruwa, haka ma man shafawa mai kauri irin basilin in ya manne a yadin roba, shi ma filis ɗin ne zai tare miki. Ƙyallayen ki baza su a rana tana cire tabo, masu PUL da roba kuma inuwa ta fi musu. In kika ga ƙurajen sun yi ja jawur har cikin lanƙwasa da ƙananan ɗigo a gefe, ko sun wuce kwana uku ba sauƙi, ko sun fashe, ki kai shi asibiti don yana iya zama fangas ne, wato wata ƙwayar cutar fata, wanki ba zai warkar da shi ba.

TAMBAYA: Anti ni uba ne. Matata ta koma nafkin ɗin wankewa, amma ina ganin ƙatonsa yana buɗa ƙafar yaron, mahaifiyata ma ta ce zai sa masa ƙafar baka. Watansa 15.

AMSA: Malam sannu da kula, kuma ka gaida Mama. Nafkin ba ya lanƙwasa ƙashi. Yawancin yara masu koyon tafiya ƙafarsu da ɗan baka dama, takan miƙe da kanta wajen shekara 2, ko pampas suke sawa ko yadi. Amma idonka bai yi ƙarya ba, wani bincike da aka yi a Jami'ar New York aka wallafa a 2012 kan yara masu wata 13 da 19 ya nuna suna buɗa ƙafa su kuma fi yin tuntuɓe in suna sanye da nafkin, mai kaurin ya fi, amma a lokacin da nafkin ɗin yake jikinsu ne aka ga wannan bambancin. To a rage kaurin da rana, sirara biyu na bambu ko hemp maimakon tulin maikurofaiba, a bar mai kaurin na barci, a kuma riƙa barinsa ya ɗan sha iska ba komai a jikinsa bayan wanka. In bakan ƙafa ɗaya ne kawai, ko yana ƙaruwa, ko yana ɗingishi, ko ya wuce shekara 2 bai ragu ba, ku kai shi likita ya duba, wani lokacin ƙarancin bitamin D ne ke kawo shi kuma yana da magani.