Amsar Tambayar Alhaji Kan Gyaran Jirgin Ruwa Don Zama A Ciki

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Alhaji, na saurari muryar da ka turo bayan la'asar kan ƙaninka da ke aiki a Legas, wanda ya samu tsohon jirgin faiba mai tafiya da iska, tsawon mita 10, yana son ya gyara shi ya tare a ciki. Ka ce lissafin da ya turo maka na katifa ne da firji da na'urar sanyaya ɗaki da fenti. To, don Allah ka ce masa ya ajiye wannan takardar tukuna. Kuɗin farko na abu uku ne: kar ruwa ya shigo, kar sandar tsakiya mai riƙe da zanen kama iska ta faɗo, kar wuta ta tashi.

Kafin ya biya ko sisi, a ɗaga jirgin daga ruwa, a ajiye shi a tudu, a kira mai duba jirage wanda ba mai sayarwa ne ya kawo shi ba. A wanke gindin, a bi shi da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa, kamar yadda ake ƙwanƙwasa tulu kafin a saya. Inda faiba take lafiya ƙarar tana fita tas. Inda ta yi dum, to ko ta ɓare daga ciki ko ta sha ruwa. In an ga ƙuraje a jikin, a huda ɗaya. Ruwa mai tsami zai fito, kuma a kare ido domin yakan yi tsartuwa. Ƙuraje kaɗan ba sa hana saye. Gyaransu shi ne a gurje, a yi ta wankewa da ruwan daɗi, a bari ya bushe sosai, wani lokaci watanni, sannan a shafa ifoksi, wato wani gam mai ƙarfi da ke hana ruwa ratsawa, sau 5 ko 6. Wanda ya yi gaggawa ya shafa a kan danshi, ya rufe ruwan ne a ciki, ƙurajen za su dawo.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne ramukan da ke ƙasa da ruwa. Jirgi irin wannan ba zai rasa ramuka 5 zuwa 8 ba: na sanyaya inji, na banɗaki shiga da fita, na wurin wanke-wanke. Kowane rami da bawul ɗinsa. A kankare jikin kowane bawul da wuƙa. In ya nuna ruwan ɗorawa, lafiya lau. In ya nuna ja-ja mai haske, gishiri ya cinye zinkin da ke cikin ƙarfen, ya zama garas-garas, hannu ma zai iya ɓalle shi. Yawancin jiragen da ke nutsewa suna ɗaure ba hadari ne ke nutsar da su ba, irin waɗannan ƙananan abubuwan ne. Kuma Alhaji, na san halinmu, kar ka ce za ka taimaka ka je Ƙofar Ruwa ka sayo bawul ɗin famfo ka aika masa. Wancan tagullar gida ce, ba ta jure ruwan gishiri. Sai buronz na teku ko na roba mai ƙarfi da aka yi don jirgi. Kowane tiyo a ɗaure shi da kilif biyu na sitenles, sannan a sassaƙa turken katako mai tsini daidai girman ramin don toshe shi, a ɗaure shi da zare a gefen bawul ɗin. Ranar da abu ya ɓalle cikin dare, ba lokacin neman turke ba ne.

Tun jirgin yana tudu, a duba notinan da ke riƙe da ƙarfen nauyin da ke ƙarƙashinsa. In tsatsa na tsiyaya daga mahaɗarsu, sai an kwance an gani. A sauya dunƙulen ƙarfen kariya da ake ɗaurawa kusa da farfela. Shi aikinsa a ci shi maimakon a ci farfelar, don haka ba a shafa masa fenti, kuma da ya kai rabi ake sauya shi. A teku zinki ake sawa, amma a ruwan Legas na ciki, inda na gishiri da na daɗi ke gauraya, na alminiyom ya fi dacewa. Sai fentin gindi mai hana gansakuka da katantanwa mannewa, shafi biyu, kusan kowace shekara.

Yanzu mu hau sama. Ya taka saman jirgin ko'ina ba takalmi. Yawancin irin waɗannan jirage akwai katako mara nauyi tsakanin faiba biyu. Ruwa na bin ramin kusa ya ruɓar da shi, sai ka ji wurin yana lotsawa. Duk abin da aka kafa da noti a sama a kwance shi, a faɗaɗa ramin, a cika da ifoksi, in ya daskare a sake hudawa daidai girman notin, a sa ɗanko a mayar. Ko ruwa ya sake bi, ba zai taɓa katakon ba.

Wayoyin da ke riƙe da sandar, in sun haura shekara 10 ko ba a san shekarunsu ba, a sauya gaba ɗaya, ko da suna ƙyalli. Sitenles mayaudari ne: inda iska ba ta kai masa, danshi kuma ya kwanta, nan yake cinyewa daga ciki. Shi ya sa faifan ƙarfen da wayoyin ke kamawa yakan karye daidai inda ya ratsa saman jirgin, wurin da ido ba ya gani. A zaro ko guda biyu a duba.

Inji ba zan daɗe a kansa ba, mai gyaran dizal ya san aikinsa. Abu biyu kawai: robar famfon ruwan sanyaya inji a sauya ta duk shekara, a ajiye wata. Tanki kuma a buɗe a wanke, domin tsohon dizal da ruwa ya kwanta a ƙasansa yakan yi wani baƙin yauƙi, da igiyar ruwa ta girgiza jirgin sai ya taso ya toshe matata, inji ya mutu a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Gas ɗin girki kuwa, a kasa kunne. Ya fi iska nauyi. A gida in ya zuba yana fita ta ƙarƙashin ƙofa, a jirgi ba shi da mafita, gangarawa yake ya taru a gindi yana jiran tartsatsi. Tukunyar gas ta zauna a akwatinta daban, mai rami a ƙasa da ke fita waje, kuma a rufe daga kan tukunyar bayan kowane girki. A sa na'urar jin warin gas can ƙasa, da abin kashe gobara guda biyu.

Lantarki mu 'yan Kano mun saba da sola, lissafin ɗaya ne. A kan bolt 12, ƙaramin firji a zafin Legas zai sha kusan amfiya-awa (Ah) 50 a yini. Fanka biyu, fitilu, cajin waya da kwamfuta, famfon ruwa, sai su kawo wajen wani 50. To kusan 100 ke nan. Wannan yana son faranti na wat 400, domin inuwar sanda da wayoyi tana rage masa ƙarfi, da batir na amfiya-awa 200 in litiyom ne, ko 300 in na dalma ne, tunda shi ba a shan fiye da rabinsa. Waya ta zama mai silili da yawa wadda aka yi wa rufin kuza, ba wayar gini ta Sabon Gari ba, wadda danshin gishiri ke mayarwa kore. Kuma fiyus ya zauna kusa da kan batir, kar ya wuce santimita 18. Na'urar sanyaya ɗaki dai a haƙura da ita sai in ana ɗaure a tashar jirage mai wutar tudu. Rumfa a saman jirgi da tagogi masu gidan sauro sun fi ta amfani.

Wanda ya taso a busasshiyar iskar Kano danshin can zai ba shi mamaki. A sa tsinkayen katako ƙarƙashin katifa iska ta ratsa, a huda ƙofofin kabad, in ba haka ba fumfuna ta cinye kaya. Ruwan sha da girki da wanka na tattali, a lissafa lita 15 ga mutum a yini. Ruwan teku mai tsabta ya halatta alwala, wannan sananne ne a wurin malamai. Alƙibla kuma sai da kamfas, tunda jirgin da ke kan anga, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don tsayar da shi, juyawa yake da iska.

Angar ta kai kilo 15, da sarƙa mai kaurin milimita 8, mita 50. Ana sakin sarƙa aƙalla ninki 4 na zurfin ruwa. Rigar ceto ga kowa, famfon kwashe ruwa na lantarki da na hannu, da rediyon jirgi, tashar neman agaji ita ce 16. Batun takardu ya tuntuɓi NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, da NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa, kafin ya biya kuɗi.

Alhaji, ka ce ya ɗauko hoton kowane bawul bayan ya kankare shi, da na notinan ƙarfen nauyi, ya turo nan zauren mu duba tare. Allah Ya sa albarka. Wassalam.