Amsa: Me ke ciyar da bishiya a fadamar gansakuka?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda bishiyar fain, mai ganye kamar allura, ke rayuwa a fadamun gansakuka na Finlan, alhali ƙasar wurin tsami gare ta, ga rashin taki. Naman gwari ne ke ciyar da ita. Zarurrukansa kan nannaɗe bakin saiwa, su zuƙo mata sinadaran taki, wato naitirojin da fosfaras, ita kuma ta biya shi da sukari.

Amma fa naman gwarin sai da iska a cikin ƙasa. Na taɓa tuge wani ɗan tsiro a kan tudu, saiwarsa fari fat da zare kamar auduga. Na cikin kwari, inda ruwa ya kwanta ya hana iska shiga, a tsumbure yake. A irin wurin nan sai fain ta shekara 100 tsayinta bai wuce na mutum ba.