Amsar Baffa Kan Ɗaurin Aure A Ƙofar Gida

Assalamu alaikum, Abba ɗana. Ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Saƙonka ya same ni, kuma ban ji haushinsa ba ko kaɗan, duk da mahaifiyarka ta kira tana ta ba ni haƙuri kamar ka yi wani laifi. Ka ce tunda kai ke ɗauke da hidimar bikin ƙanwarka Ummi, me zai hana a ɗaura auren a masallacin Juma'ar da ke kusa da gidanku na Rijiyar Zaki, inda akwai filin ajiye motoci, maimakon ƙofar gidanmu na Koki, a cikin birnin Kano, da mota ba ta shiga lungunsa, ga kwata, ga cunkoso, ga abokan aikinka da za su taso daga Abuja. Sannan ka tambaya ko wannan abu addini ne ko kuwa al'ada ce kawai.

Al'ada ce. Aure yana ƙulluwa da waliyyi da sadaki da siga da shaidu biyu adalai, ko a gindin bishiya aka yi ya ɗauru. Kai, a fiƙihun Malikiyya ma, tunda Allah ya yi wa mahaifinku rasuwa, kai da kake wanta uwa ɗaya uba ɗaya ka fi ni kusa da walicci. Kunya da girmamawa ne suka sa ake miƙa wa baffa. Saboda haka ba zan ɗora maka abin da Allah bai ɗora ba. Amma tunda ka tambaya, ka bari in faɗa maka abin da al'adar ke tsarewa, domin ku da kuka tashi a sababbin unguwanni lungu kawai kuke gani, ba ku san aikinsa ba.

Garin nan da ƙafa aka auna shi. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau, ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin rafin Jakara. Daga nan unguwanni suka yi ta tsirowa a kewayen kasuwa, kowa yana zama kusa da ɗan'uwansa ko abokin sana'arsa: Nufawa a tudunsu, mutanen Agadas a Agadasawa, Barebari a zangonsu, Yarbawa a Ayagi, marina a Zage da Ƙofar Mata, malamai a Madabo tun zuwan Wangarawa, Sharifai kuma zuriyar Shehu Magili da ya zo a zamanin Rumfa. Bayan jihadi masu sarauta suka fi yawa a kudancin Jakara, mu fatake da masu sana'a muna arewa, ta wajen Dala. Babu wanda ya zauna da takarda ya zana hanyoyin nan. Mutum ya gina gidansa, ɗansa ya yi aure a ƙara ɗaki, katanga ta lanƙwasa don ta kauce wa rijiyar maƙwabci ko wata tsohuwar kuka. Abin da dattawa ke dubawa biyu ne: jaki da mangala ya wuce, makara kuma ta fita a kafaɗar mutum huɗu. In waɗannan sun samu, hanya ta yi.

Kakanninmu a Koki fataucin goro suka gada. Ayari yakan tashi zuwa Gwanja a yi watanni ana tafiya da jakuna, a kai kanwa da baƙin rini da fatu, a dawo da goro. Babban zauren nan da kake ganin ya yi wa gidan yawa, masaukin baƙi ne, nan ake sauke kaya, nan ake ciniki, nan baƙo ke kwana har ya sayar. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga irin wannan fatauci ya taso kafin ya koma gyaɗa, kuma duk da dukiyarsa a ɓangarenmu na cikin gari ya zauna. Mota baƙuwa ce ta jiya. Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, su suka shata miƙaƙƙun tituna a Nassarawa da Sabon Gari, can bayan ganuwa. Titunan da ka gani a cikin birni daga baya aka tsaga su, gidajen mutane aka rushe aka biya diyya. To lungun da kake jin kunyarsa ya girmi taya da ɗaruruwan shekaru, ba kuskuren magini ba ne.

Yanzu ka sauka daga mota a bakin titi, ka nufi gidanmu, ka lura da abin da zai faru. Mai shayin kan kwana zai ɗago kai ya ce, “A'a, ɗan marigayi ne? Yaushe a gari?” Ka wuce shagon tela, ya dakatar da keke ku gaisa. Ka iso dakalin masallaci inda dattawa ke zaune, dole ka rage tafiya, ka rusuna, wani ya riƙe hannunka ya ƙi saki sai ya tambayi mahaifiyarka da yara ɗaya bayan ɗaya. In mace ta taho ka raɓe jikin katanga ta wuce. Almajiran zauren Malam su rage murya su bi ka da kallo. Kafin ka yi sallama a ƙofar gida, labarin zuwanka ya riga ka shiga, har an ɗora maka ruwa. Na san wani lokaci abin yakan gundure ku, musamman mai sauri. Amma ka duba, a wannan 'yar tafiya an gan ka, an san lafiyarka, an san da wa ka zo. Wanda ya shiga get a cikin mota da gilashi a rufe, maigadinsa kaɗai ya gan shi. Da Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, irin wannan garin yake zaune a ciki.

Haka muka tashi. Masallaci yana ƙofar gida, makarantar allo a zauren maƙwabci, mai koko da ƙosai a lungu na gaba, wanzami da maɗori duk an san gidajensu, Kurmi da Ƙofar Wambai kuwa yaro ake aika ya je ya dawo tuwo bai huce ba. Bayan magariba kowane gida ya fito da kwanonsa a yi ciyayya a kan tabarma, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya sa hannu babu wanda ya gane, in an gane ma ba a nunawa. Yaron da ya yi rashin kunya a lungu, duk babban da ya gani zai tsawata masa, uban kuma ya zo ya yi godiya. Ba don mutanen da sun fi na yanzu kirki ba ne, kar ka yarda da mai gaya maka haka. Zaman ne ya tilasta: wanda za ka haɗu da shi sau biyar a sahu, ba ka iya gaba da shi ta daɗe.

To a nan maganar aure ta shigo. Shaidu biyu sun wadatar a shari'a, amma abin da iyaye ke nema shi ne mutanen da suka san yarinya, suka san ubanta da kakanta, su ji da kunnensu wa aka ba, nawa ne sadaki, an biya ko ajalan ne, wa ya karɓa da alƙawarin ci da sha da sutura da wurin kwana. Su waye waɗannan? Liman ɗin da ya raɗa wa Ummi suna. Dattawan da suka karɓi makarar mahaifinku kafaɗa zuwa kafaɗa. Mai unguwa, wanda dangin ango suka zo wurinsa bincike a asirce kafin su kawo gaisuwa. Yawancinsu gwiwa ta ƙi, ba su da mota, kuɗin A Daidaita Sahu zuwa Rijiyar Zaki da dawowa kuma abincin wuni ne a wurin wasu, ba kuwa za su faɗa maka ba. Za su ce Allah ya sa alheri, su zauna a gida. Wurin da ka zaɓa shi zai zaɓar maka mahalarta. In ka kai can, masu mota ka gayyata. In ka bari a nan, kowa ka gayyata, domin mai mota yana da ƙafa.

Kuma ba fata nake ba, amma aure zaman haƙuri ne. Ranar da aka sami saɓani, yarinya ta taho gida, ba abokanka na Abuja za a kira ba. Su kafin la'asar sun ɗauki hoto sun kama hanya. Waɗannan tsofaffin za su zauna a zaure, a kira wakilin ango a ce masa, “A nan ka durƙusa ka karɓa, a gabanmu.” Maganar tana da nauyi ne don a wurin aka yi, kuma masu faɗar suna nan.

Akwai kuma haƙƙin mata, wanda ku maza matasa ba ku cika tunawa da shi ba. In ana ɗauri a ƙofar gida, gwaggwanninka da innoninka suna tsakar gida sun yi tsit, wata ta laɓe a bayan ƙofar shigifa tana saurare. Da an shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar an ɗaura, sai ka ji guɗa ta tashi daga ciki, wata ta rungume uwar amarya suna kuka, yara su ruga da goro da alawa gida-gida. Matan unguwa da ba sa fita sai da dalili, ta wannan guɗar suke sanin an gama. In a masallaci mai nisa ne, sai dai wani ya bugo waya ya ce an ɗaura, shi ke nan.

Ba zan rufe ido in ce maka cikin gari aljanna ce ba, ni nake kwana a ciki. Kududdufan da aka haƙa aka yi tubalin gidajen nan su ne ke shanye ruwan damina; an cike yawancinsu da shara an yi gini a kai, yanzu ruwa ya rasa wurin zuwa sai ɗakunan mutane. Leda ta toshe magudanai. Gidan da aka gina don iyali ɗaya, gado ya raba shi ɗaki-ɗaki, bayan gida ɗaya mutum ya fi ashirin. Ruwan famfo sai a daɗe ba a gani ba, 'yan garuwa ke tura kura a lungu. Mace in naƙuda ta zo da gardama cikin dare, sai an tallabo ta zuwa titi, motar kashe gobara kuwa ba a maganarta. Faɗan daba ma bai bar wasu unguwannin ba. Ginin ƙasa da ke hana mu jin zafin bazara, da rufin azara da zankwaye da indararo, yana son yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka. Mutane suka ga wahala, suka shafe shi da siminti, danshi ya taru a ciki, katanga ta rufta. Ita kanta ganuwa an cinye ta da gini da ɗibar ƙasa, Ƙofar Na'isa ma rushe ta aka yi a 2010 don faɗaɗa titi aka sake wata. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya fitar da mahaifinku, ban kuma zarge shi ba. Sai dai yawancin abin da na lissafa sakaci ne namu da na hukuma, ba laifin ƙunci ba ne. Inda aka shimfiɗa intalok aka gyara magudana, lungu ya koma tsaf. Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 na ga masu gidajen bayan gari suna lissafin kowace fita, mu kuwa masallaci da kasuwa da makarantar yara da gidan ta'aziyya duk ba mu sayen lita.

Na ji ƙishin-ƙishin wasu 'yan'uwanka suna cewa a sayar da gidan, wai wani ɗan kasuwa yana so ya mai da shi sito. Duk mai gado yana da haƙƙinsa, ba na hana kowa. Abin da na roƙa shi ne a fara tayawa a cikin gida, domin shari'a ta ba abokin tarayya haƙƙin shuf'a, wato fifikon saye, kafin bare. Wannan zama ne na daban, sai ka zo.

Ga yadda na ga za a yi. A ɗaura a ƙofar gida ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya, kafin rana ta take. Zan yi wa mai unguwa magana a sami wurin ajiye motoci a bakin titi, a sa samari biyu su tsare, wasu kuma su riƙa rako baƙi har ƙofa don kar su ɓace, lungunan suna kama da juna ga wanda bai saba ba. Ranar Alhamis matasan unguwa za su yi gayya su yashe kwata. Kai ka aiko da kuɗin yashi da abincinsu, ka kuma zo da kanka ka yi musu sannu, ya fi kuɗin tasiri. Rumfar haya ba za ta shiga ba, tabarmi da dardumai za a shimfiɗa daga zaure har dakalin masallaci, a ajiye 'yan kujeru don masu ciwon ƙafa. Ka gaya wa abokanka su sa takalmin da za su iya tuɓewa. Walima kuwa ka yi ta duk inda ranka ke so, a Rijiyar Zaki ko a ɗakin taro, zan zo in ci in sa albarka.

Goro kar ka saya a Abuja, za a samo mai kyau a Mariri da sauƙi, ka dai faɗi ƙwarya nawa. Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa min kan yara. Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan mahaifinku.

Baffanka.